Tarihin Inji Kafin Ciniki: Tambayoyi da Amsoshi Kan Sayen Tsohuwar Mota

An tattaro waɗannan tambayoyi ne daga abubuwan da masu neman mota ta hannu ke yawan kawo wa bakanikai. An fi mayar da hankali kan injin fetur na motocin da suka shekara goma zuwa ashirin da biyar, irin su Camry, Corolla, Accord, Golf da Peugeot 406, ko Beljiyam ce da ta sauka kwanan nan ko wadda aka riga aka mora a gida.

1. Me ake nufi da tarihin kula da inji?

Ana nufin sanin abin da aka yi wa injin tun yana sabo da kuma abin da aka ƙi yi masa: sau nawa ake juye baƙin mai, wane irin mai ake zubawa, ko ya taɓa yin zafi har ya tafasa, yaushe aka sauya tayimin bel, ko an taɓa buɗe shi, ko ma shi ne injin da motar ta fito da shi daga kamfani. Abu biyu ne ke kashe yawancin tsofaffin injuna, wato rashin mai mai kyau da zafi. Sauran duk a bayansu suke.

Fenti da kujeru ana gyara su cikin mako guda, kuma dillali ya san a nan idon mai saye ke fara sauka. Abin da shekara goma ta sakaci ta yi wa cikin inji kuwa ba ya wankuwa. Shi ya sa mota mai maleji da yawa wadda aka riƙa yi wa sabis a kan kari ta fi mai ƙaramin maleji da aka bari da tsohon mai.

2. Waɗanne takardu zan nema a hannun mai motar?

Littafin sabis idan akwai, rasit na sayen mai da filta da kayan gyara, da kuma 'yar takardar da ake mannawa a gilashi ko a ƙofa mai nuna malejin juye na gaba. Kada ka tsaya ga ganin tarin takardu. Jera su bisa kwanan wata, ka duba ko maleji na hawa a jere, kuma ko tazarar da ke tsakanin juye da juye ta yi daidai. A yanayinmu na ƙura da zafi da cunkoso, kilomita 5,000 ko wata shida shi ne abin da ya dace da mai na gama-gari. Giɓin shekara biyu babu rasit ko ɗaya yana buƙatar bayani.

Littafin da aka cike duk shafukansa da biro ɗaya, rubutu ɗaya, tambari ɗaya mai tawada sabuwa, alhali ana cewa na shekara takwas ne, a zama ɗaya aka rubuta shi. Idan motar ta gida ce, tambayi sunan garejin da ke kula da ita, ka je da kanka ba tare da mai motar ba. Bakaniken da ya daɗe da mota yakan tuna lokacin da ya sauke mata tof, wato kan inji, ko ya canza mata lagireto. Motocin da hukumomi da manyan kamfanoni suka yi gwanjonsu sukan zo da fayil na gyara, sai dai direbobi da yawa ne suka tuƙa su, don haka binciken tambaya ta 6 zuwa ta 10 yana nan daram.

3. Motar daga waje ta zo. Ta yaya zan san abin da aka yi mata a can?

Da lambar shasi. Tun 1981 kusan kowace mota tana da lamba mai haruffa da alƙaluma 17, babu I, O ko Q a cikinta. Galibi tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, tana kuma jikin ginshiƙin ƙofar direba. Tabbatar wuraren biyu sun dace da juna, sun kuma dace da takardun kwastam. Harafin farko yana nuna ƙasar ƙira: J Japan, 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, W Jamus. A motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka da Kanada, na goma yana nuna shekara: Y 2000 ce, 1 zuwa 9 su ne 2001 zuwa 2009, A kuma 2010. Da wannan kaɗai ake kama motar 2007 da aka sauya wa fitilu da bamba ana kiranta 2010.

Idan daga Amurka ko Kanada ta fito, sayi rahoton Carfax, ko AutoCheck ga ta Amurka. Zai nuna adadin waɗanda suka mallake ta, malejin da aka rubuta a lokuta daban-daban, haɗari, da sabis ɗin da garejoji masu rajista suka shigar. Shafin masu motocin Toyota na Amurka ma yana nuna aikin da dilolin kamfanin suka yi wa mota idan ka shigar da lambar. Sannan rubuta lambar a Google kawai. Motoci da yawa da ke shigowa daga gwanjon Copart ko IAAI aka sayo su, kuma hotunansu na ranar gwanjo, har da na mitar maleji, sukan daɗe a intanet. Motocin Turai sun fi wuyar bibiya. Ƙasar Beljiyam tana da takardar Car-Pass tun 2006 mai jera malejin mota a duk shigarta gareji, Jamusawa kuma sun saba da littafin sabis mai tambari, don haka leƙa aljihun dashbod, wani lokaci suna nan ba wanda ya taɓa su.

4. Rahoton ya fito tsaf. Shi ke nan, in biya?

A'a. Rahoto yana ɗauke da abin da aka shigar ne kawai. Wanda ke juye mai da kansa a gida ba zai bayyana ba, haka wanda bai juye ba sam, kuma daga takarda ba za ka bambance su ba. Rahoton kuma yana tsayawa ne ranar da motar ta hau jirgin ruwa. Duk abin da ya faru a Kwatano ko Legas, ko a hanyar kawo ta Arewa da ƙafarta, baya ciki. Akwai motocin da aka yi shekara ana hawa a gida, aka cire lamba, aka wanke, aka jera su cikin sababbin sauka.

Ka nemi rahoton da kanka. Wanda dillali ya turo maka a waya yana iya zama na wata mota, ko an cire masa shafi. Idan ka ga alamar ambaliya a ciki, ka bar motar ko nawa aka rage. Bayan guguwar Katrina a 2005, Sandy a 2012 da Harvey a 2017, motocin da ruwa ya shanye sun bazu a kasuwannin duniya. Alamarsu ita ce tsatsa a ƙarafan ƙarƙashin kujera, laka a ramin safaya, da wari ƙarƙashin kafet.

5. Zan iya yarda da malejin da ke dashbod?

Sai da shaida. Mayar da mita baya, ko ta lamba mai juyawa ce ko ta lantarki, aikin mintoci ne ga wanda ke da na'urar. Fara da tantance ma'auni: motar Amurka mil take ƙirgawa, mil 100,000 kuwa kusan kilomita 161,000 ne. Sai ka kwatanta da malejin ƙarshe da ke rahoton tambaya ta 3. Mota mai shekara goma sha biyar da ke nuna kilomita 70,000 abar tuhuma ce har sai an kawo hujja.

Jikin mota ma yana magana. Dubi robar fedar birki, santsin sitiyari, gefen kujerar direba inda ake gogawa wajen fita, da maɓallan da rubutunsu ya goge. Leƙa ƙarƙashin bonet da ginshiƙin ƙofa ko an manta da wata tsohuwar takardar sabis mai maleji fiye da na mita.

6. Babu takarda ko ɗaya. In haƙura da motar?

Idan za a bi wannan, rabin motocin kasuwa ba za su sayu ba. Rashin takarda yana nufin injin ne zai ba da labarin kansa, kuma sharaɗin farko shi ne ka same shi a sanyaye. Ka ce kada a tayar da motar kafin ka zo, ka je da sassafe, ka ɗora hannu a kan injin kafin komai. Idan da ɗumi, ka koma gobe. Inji mai zafi yana ɓoye wuyar tashi, ƙarar cen, ƙwanƙwasar fistin da hayaƙin farko, kuma masu sayarwa sun san haka.

Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba. Fitilar inji, ta mai da ta batir dole duk su kama. Wadda ba ta kama ba, an cire ƙwanta ko an rufe ta. Ka sa wani ya tayar kai kana tsaye a baya kana kallon salansa, sannan ka dawo gaba ka saurara. Fitilar mai ta mutu cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Ƙara mai nauyi daga ƙasan inji, kamar ana buga ƙarfe da guduma, wadda ke ƙaruwa da totur, metal ne, wato ƙarafan da kuranshaf ke juyawa a kansu, kuma injin yana gab da bugawa. Inji da aka wanke fes yana sheƙi shi ma ba abin murna ba ne, domin wanki yana share sawun yoyo. Sai bayan tafiyar gwaji za ka sake dubawa.

7. Me zan gani idan na buɗe murfin baƙin mai?

Nan ne mafi kusa da za ka kai ga cikin inji ba tare da sufana ba. Haska tocila ta ramin. Ƙarfe mai launin azurfa ko ruwan zuma yana nuna an kula da juye. Launin ƙasa-ƙasa mai duhu abu ne da aka saba gani a tsohon inji. Amma baƙin dasƙararren abu kamar kwalta ko ƙanzon tukunya, a ƙarƙashin murfin ko a kan ƙarafan ciki, shaida ce ta mai da ya daɗe har ya ƙone. Wannan dattin yana toshe rariyar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta a som, wato kaskon mai da ke ƙasan inji, ya toshe ƙananan hanyoyin da ke kai mai ga kamshaf, sai injin ya riƙa aiki da ƙishirwa. A wasu injuna akwai faranti a ƙarƙashin ramin da ke tare gani. Idan da gaske kake son motar, roƙi a cire murfin saman injin gaba ɗaya. Aikin rabin awa ne a injin silinda huɗu, kuɗin gaskit ɗin kuma ba komai ba ne kusa da kuɗin inji.

Idan ka ga abu mai kama da madarar shayi ko kindirmo, ruwa ne ya haɗu da mai, sai ka koma tambaya ta 9. A ƙasashen sanyi gajerun tafiye-tafiye kan bar ɗan irin wannan a murfi ba tare da wata illa ba, amma motar da ta yi watanni a zafin Kano ko Maraɗi ba ta da wannan uzuri. Daga nan, injin na sulo, sassauta murfin. Ɗan numfashi ba laifi. Idan yana fesar da hayaƙi yana tunkuɗe murfin, wuta na zarcewa ta gefen ringi.

8. An ce mini yanzu aka juye mai. Wannan ba alheri ba ne?

Yana iya zama alheri, yana iya zama lulluɓi. Zaro sandar awo, goge, mayar, sake zarowa. Duba ko man yana tsakanin alamomin biyu, shinshina ko yana warin fetur ko ƙauri, sannan murza shi a yatsa a cikin rana. Ƙyalli kamar garin ƙarfe yana nufin metal na cinyewa. Mai da ke zarewa kamar zuma ko yauƙin kuɓewa, an haɗa shi da maganin ƙara kauri don a kashe ƙara da hayaƙi na 'yan kwanaki.

Tambayi wane mai ake zubawa. Yawancin motocin Japan na shekarun 2000 an ƙera su ne don 5W-30 ko 5W-20, kuma a rubuce yake a murfin mai. Al'adar ɗura wa kowace mota 20W-50 saboda wai ƙasarmu da zafi tana cutar da injuna masu VVT-i ko i-VTEC, domin da matsin mai suke sarrafa lokacin buɗe bawul, ta ramuka ƙanana. Mai kauri yana jinkirin isa sama a farkon tashi, lokacin da inji ya fi cinyewa. Dubi filtar mai ma: sabon mai da tsohuwar filta mai tsatsa yana gaya maka irin sabis ɗin da motar ta saba samu.

9. Ta yaya zan gane ko injin ya taɓa yin zafi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi cancantar a ɓata lokaci a kanta, domin tafasa ɗaya tana iya lanƙwasa tof na alminiyam, kuma illar ba ta fitowa sai an ɗauki doguwar hanya. Injin na sanyi, buɗe murfin lagireto. Abin da ya kamata ka gani shi ne ruwan sanyaya inji mai launi, ja ko ruwan hoda ko kore ko shuɗi, mai tsabta. Ruwa mai launin tsatsa yana nufin an daɗe ana zuba na rijiya ko na leda, wanda ke cin famfon ruwa, ya toshe lagireto, ya kuma ci gaskit. Maiƙo a saman ruwan yana nuna gaskit ya ƙone, ko kuma bututun sanyaya man giya da ke cikin lagireton ya fashe. Ɓarɓashi mai ƙyalli ko dunƙule-dunƙule alamar an zuba maganin toshe yoyo ne.

Sai ka nemi sawun hannun bakanike. Fanka da ke tashi da zarar an murɗa makulli, an haɗa ta kai tsaye. Tamostat (bawul ɗin da ke hana ruwa zuwa lagireto sai inji ya yi zafi) da aka cire, wanda ya zama ruwan dare a garejojinmu, za ka gane shi idan allurar zafi ta ƙi hawa tsakiya bayan tafiyar minti goma sha biyar, ko tiyon sama ya fara ɗumi tun farkon tashi. Sau da yawa ana yin waɗannan biyun ne bayan mota ta fara zafi, maimakon a nemo dalilin. Tamostat na yawancin Toyota yana buɗewa ne wajen digiri 82, kuma injin da ba ya kai zafin aikinsa yana shan fetur, yana wanke man jikin silinda. Sabuwar lagireto, sababbin tiyo da jan gam da ya ɓullo a gefen tof, a mota ɗaya, labari ɗaya suke bayarwa.

Don yanke shakka, a tayar da inji murfin lagireto a buɗe tun yana sanyi. Kumfa da ke tasowa ba tsayawa iskar konewa ce ke shiga ruwa. Akwai gwaji mai sauƙi da shuɗin ruwa a bututu da ake ɗorawa a bakin lagireto: idan ya koma rawaya, gaskit ko tof ya tafi. Kada a taɓa buɗe murfin nan inji na da zafi, ruwan yana salluɓe fata.

10. Me launin hayaƙi ke nunawa?

Shuɗi mai ne. Idan a farkon tashi kawai ya fito ya ɗauke, robobin bawul ne suka bushe, gyara mai matsakaicin kuɗi. Idan yana fitowa duk lokacin da aka taka totur, ringi ne. Fari mai kauri da ba ya bajewa bayan inji ya yi zafi, mai ɗan ƙamshin zaƙi, ruwa ne ke shiga silinda. Siririn tururi da safiyar hunturu ba komai ba ne. Baƙi fetur ne ya yi yawa, galibi daga nozul ko wata na'urar awon iska, kuma shi ne mafi sauƙin ukun. Sa yatsa a bakin salansa idan ta huce: busasshen baƙi ba damuwa, mai danƙo kuwa mai ne.

11. Tayimin bel ko cen, wanne ke cikin motar, kuma me zan tambaya?

Sai ka san sunan injin, ba na motar kaɗai ba. Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai 1ZZ-FE, Camry mai 2AZ-FE, da Accord mai silinda huɗu daga 2003, duk cen ne. Camry ta 1997 zuwa 2001 mai 5S-FE, V6 na Toyota mai suna 1MZ-FE, V6 na Honda, Golf 3 mai silinda huɗu da Peugeot 406, bel ne. Honda ta sa wa bel ɗin V6 ɗinta mil 105,000 ko shekara bakwai, duk wanda ya riga zuwa. A wannan injin da na 406, idan bel ya tsinke ana tafiya, fistin yana dukan bawul ya lanƙwasa su. A 5S-FE motar tsayawa kawai za ta yi.

Nemi takardar da ake mannawa a murfin bel mai kwanan wata da maleji. Idan babu ita babu rasit, ɗauka ba a sauya ba, ka sa kuɗin a lissafin ciniki. Kallon bel ba ya isa, domin yakan yi kyau a ido har ranar da zai tsinke. A sauya shi tare da tenshina da rola da famfon ruwa idan shi ke juya famfon. Cen ba shi da ranar sauyawa, amma ya dogara da mai. Ƙarar kacau-kacau a farkon tashi da ta wuce 'yan daƙiƙu tana komawa ga abin da aka faɗa a tambaya ta 7.

12. An sa mata kwamfuta, babu laifi ko ɗaya. Ya isa?

Motocin Amurka daga 1996, da na fetur na Turai daga 2001, suna da soket na OBD2 a ƙarƙashin sitiyari. Share laifuffuka daga birenbos, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa injin, aikin daƙiƙa biyar ne, cire kan batir ma yana yi. Amma sharewar tana barin sawu. Birenbos na da jerin gwaje-gwajen da yake yi wa kansa, kuma bayan sharewa suna komawa "ba a kammala ba" har sai an yi tafiya mai yawa. Ka ce mai kwamfutar ya nuna maka wannan shafin. Motoci da dama suna kuma nuna kilomita nawa aka yi tun sharewar ƙarshe. Idan 12 ka gani, jiya aka share.

A sake sa kwamfutar bayan tafiyar gwaji. P0300 zuwa P0304 silinda ce ke tsallake wuta, ko daga fulogi da kwil, ko daga abin da ya fi su tsada. P0171 iska ta fi fetur yawa. P0016 kamshaf da kuranshaf sun saɓa, sau da yawa cen ya miƙe. P0420 ya shafi abin tace hayaƙi na salansa, wanda bakanikai ke kira indomi, kuma ana yawan cire shi a sayar tun kafin mota ta iso hannun mai saye.

13. Shin gwajin matsi ya zama dole?

Ga motar da ta wuce kilomita 200,000 ko wadda ba ta da takarda, ƙwarai kuwa. Ana yin sa inji na da ɗumi: a cire fulogai duka, a katse fetur da wuta, a take totur har ƙasa, a juya injin da kik sau biyar zuwa shida a kowace silinda. Lafiyayyen injin fetur yakan ba da psi 150 zuwa 200, gwargwadon irinsa. Daidaito tsakanin silindodi ya fi adadin kansa muhimmanci, kada bambancin ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Idan ɗaya ta yi ƙasa, a ɗiga mata cokalin mai a sake. Ta tashi, ringi ne. Ba ta tashi ba, bawul ne ko gaskit. Biyu maƙwabta da suka faɗi tare, gaskit ya ƙone a tsakaninsu.

Tun da fulogai suna waje, jera su bisa tsari ka duba. Launin toka ko ƙasa-ƙasa lafiya ne. Mai jiƙe da baƙin mai ko farin ɓawo mai kauri, silindar na cin mai. Wanda ya fi 'yan'uwansa tsabta kamar an wanke shi, tururi ne ya wanke shi. Inji mai cin mai ta ringin mai yana iya ba da matsi mai kyau, don haka fulogi ne zai tona shi.

14. Mai motar ya ce an sauya inji, ko an yi ringi. Wanne ya fi?

Sauya inji ba aibu ba ne idan an faɗa. Injin Beljiyam daga Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Apo a Abuja ko Ladipo a Legas yana iya fin na asali lafiya, sai dai shi ma ba a san tarihinsa ba, kuma malejin dashbod ya daina aiki a kansa. Kwatanta lambar da ke jikin injin da ta takardu, nemi rasit ɗin sayensa, ka tabbatar irinsa ɗaya da na asali. Rubutun fenti a jikin inji, wayoyi da aka yanke aka naɗe da salatif, da soket da ke reto babu abin da ya shiga, suna nuna an dasa wanda bai dace ba. Ka tambayi abin da ya kashe na farko. Idan zafi ne kuma lagireton nan ce ba a taɓa ba, na biyun ma hanya ɗaya zai bi.

Injin da aka buɗe kuwa ya dogara da hannun da ya yi aikin: ko an auna silinda, ko an kai tof an daidaita, ko da ma'aunin ƙarfi aka ɗaure kusoshi, ko kayan na asali ne. Idan ba a iya nuna maka garejin da rasit ba, ka yi ciniki kamar wanda zai sayi wani injin nan gaba.

15. Akwai injunan da aka san su da wata matsala tun daga kamfani?

Akwai. 2AZ-FE na Camry 2007 zuwa 2009, wadda ake kira Muscle, ya yi suna da shan mai saboda ringin fistin, har Toyota ta tsawaita garanti a Amurka ga wanda ya sha kusan lita ɗaya a mil 1,200. Rahoton dila zai nuna ko an yi wa motar wannan aiki. Irin wannan injin a Camry 2002 zuwa 2006, Big Daddy, yakan saki zaren kusoshin tof ta baya, musamman bayan zafi, don haka a duba yoyon ruwa a bayan injin. 5S-FE da 1MZ-FE na ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000 suna saurin tara dattin da aka bayyana a tambaya ta 7. Accord 2008 zuwa 2012 mai silinda huɗu takan yi gajeriyar ƙara a tashin sanyi daga giyar VTC, V6 ɗinta mai kashe wasu silindodi kuma yakan sha mai ya ɓata fulogi. Wannan ba ya hana sayensu, yana nuna maka inda za ka fara haska tocila.

16. Yaya tafiyar gwaji ya kamata ta kasance, kuma da wa zan je?

Zagaye layi ɗaya ba gwaji ba ne. Ana buƙatar aƙalla minti talatin: cunkoso da na'urar sanyi a kunne, sannan buɗaɗɗiyar hanya har kilomita 100 a awa. Rediyo a kashe, ido a kan allurar zafi. Wani ya bi ku a baya ya kalli salansa lokacin da aka saki totur aka sake takawa. Da an dawo, a bar ta a sulo minti goma a wuri mai tsabta. Fitilar mai da ke ƙiftawa a sulo bayan inji ya yi zafi tana nuna matsin mai ya faɗi. Sai a leƙa ƙasa da gefen inji a nemi sabon yoyo.

Ka je da bakaniken da ya saba da irin motar, ka biya shi kuɗin dubawa ko an saya ko ba a saya ba. Wanda ladansa ya rataya a kan faɗuwar ciniki, ko wanda dillali ya kawo, ba naka ba ne. Kada ka ba da kafin alƙalami kafin gwaji. Mai motar da ya hana a sa kwamfuta ko a cire fulogi yana neman ka yi cinikin biri a sama ne.

17. Wane laifi ne na neman ragi, wanne ne na barin motar?

Yoyon gaskit na murfin sama, kwil, fulogi, robar zaman inji, fanbel, tamostat da aka cire ba tare da alamar ƙonewar gaskit ba, da tayimin bel da ba a san ranarsa ba, duk na ragi ne. A yi musu kuɗi a kasuwa a ranar, a cire daga farashi. Ƙarar metal, madara a cikin mai, kumfa a lagireto, dasƙararren datti da garin ƙarfe a sandar awo, na barin motar ne, sai fa idan an rage kuɗin cikakken inji da na aikin ɗora shi. Mai alamar ambaliya kuwa a bar ta ko nawa aka rage.

Idan ciniki ya faɗa, ɗauki ranar a matsayin farkon tarihi. A makon farko a juye mai da filta, a sauya filtar iska, a wanke lagireto a zuba ruwan da ya dace, a mayar da tamostat, a gyara haɗin fanka, a sauya bel idan mai bel ce. Kada a ɗura maganin wanke inji mai ƙarfi a injin da ke da datti, domin abin da ya ɓanɓare yana tafiya ya toshe rariyar som. Gara a riƙa juye mai a kilomita 2,000 sau biyu ko uku. Sayi ƙaramin littafi ka ajiye a aljihun dashbod, ka rubuta kwanan wata, maleji da irin man, sannan ka riƙa zaro sandar awo duk kilomita 500 a watan farko don ka san nawa injin ke sha.